Daga Tasawa Zuwa Agadas: Hanyar Gishiri da Ilimi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya zamani, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi na Tasawa da Mayahi da kewaye, an tambaye mu game da masu shirin nufar arewa bayan Salla domin ganin hamada da tsofaffin gine-gine. Amsarmu ita ce babu laifi. Allah Maɗaukaki Ya kwaɗaitar da bayinSa a wurare da dama cikin Alƙur'ani su yi tafiya a bayan ƙasa, su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su. Abin da muke gudu shi ne mutum ya dawo salularsa cike da hotuna, zuciyarsa kuwa fayau. Don haka muka ga ya dace mu faɗi tarihin wannan hanya, domin mai tafiya ya san abin da idonsa zai gani.

Mai mota a yau yakan bi ta Damagaram, ya ratsa Tanut da Adarbisnat, ya sauka Agadas. A da kuwa ayarin raƙuma ne ke gangarowa daga Abzin ta Damargu, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su yada zango a Tasawa kafin su wuce Katsina da Kano, su koma da gero da tufafi da fatu. Cikin irin wannan ayari ne Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, bayan ya ziyarci Agadas a ƙarshen 1850. Ashe garinmu ƙofa ne tsakanin hamada da ƙasar Hausa tun kafin a zana iyakar Nijar da Najeriya.

Raƙuman nan sun ɗauko ilimi tare da gishiri. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya fito daga Tuwat ya biyo ta Abzin, ya karantar a can, sannan ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan tafiyar da mulki bisa shari'a. Bayan kusan ƙarni uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas yana neman sani. Da malamin ya ɗaura niyyar hajji sai almajirin ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Samarinmu da ke bin wannan hanya zuwa Libiya ko ramukan zinariya ba tare da yardar iyaye ba, su tsaya su yi tunani a kan wannan.

Abin da zai fara tarbon baƙo a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ginin laka tsantsa, da itatuwa sun leƙo ta kowane gefe. Ana danganta gininta ga wani malami mai suna Zakariyya, wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Sanwai ya shimfiɗa ikonsa a birnin. An sake gina ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya. Itatuwan nan su ne matakan magina idan za su sabunta yaɓe. Laka ba ta da ƙarfin dutse. Abin da ya tsayar da ita shi ne kowane zamani ya sami mutanen da suka ga gyaranta wajibi ne a kansu.

Wanda ya ƙara gaba ta hanyar Arlit zai iske zanen raƙumin dawa a jikin dutsen Dabus, wanda ya shekara dubbai. Raƙumin dawa ba ya zama inda babu itace da ruwa. Ke nan wannan busasshen fili ya taɓa zama kore. Mu da ke zaune bakin Gulbin Kaba, muna sarar itace ba ma dasawa, ya kamata jikinmu ya yi sanyi.

Akwai kuma wani wurin izina da ba ya bukatar guzuri, domin a ƙofar gidanmu yake. A 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine suka taso daga bakin kogin Kwara, suna ƙone garuruwa suna kashe bayin Allah. Sun yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, sun yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni. Da gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, sai aka harbe shi kusa da Dankori ranar 14 ga Yuli, bisa umarnin Voulet. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu na nan a Maijirgi, cikin gundumar Tasawa. Masu bindigogin da suka girgiza ƙasar nan ga iyakarsu, hasumiyar laka kuwa har gobe ana kiran salla a gindinta.

Saura mu gyara niyya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe masallatai uku da ake ɗaura tafiya dominsu don neman falalar salla: na Makka da na Madina da na Ƙudus. Zuwa Agadas tafiyar lura ce da neman sani. Kada a shafi bango don neman tabarruki, kada a roƙi wanda ke cikin kabari, kada kuma a kankare suna a jikin dutse ko a ɓalli wani abu a sa aljihu, domin amana ce ta jikokinmu. A binciki lafiyar hanya wurin hukuma kafin a tashi, a nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, a biya shi haƙƙinsa cikakke. Wanda ba shi da halin zuwa nesa, ya kai ƴaƴansa Maijirgi ya ba su labari.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya sa mu cikin masu ɗaukar darasi daga abin da ya wuce. Amin.