Sulhun ofishin darakta: cin zali a kolejojin Tasawa da Mayahi

Duk watan Oktoba, lokacin da ake kan girbin hatsi, kolejojin Tasawa da Mayahi na karɓar sababbin ɗalibai daga ƙauyuka. Yaron da ya gama firamare a wani ƙauye na Korgom ko Hawandawaki, ko yarinyar da ta fito daga karkarar Kanambakashe, sau da yawa babu koleji kusa da gidansu, sai uba ya nemi wani ɗan uwa ko abokin kasuwa a gari ya ce ga amana. A gidan mai masauki yarinya za ta yi ɗiban ruwa da wanke-wanke kafin ta ɗauki allo da littafi. A aji kuma tana zaune cikin ƴan birni da suka fi ta jin Faransanci, suka fi ta sutura, wasu ma da salula a aljihu. Nan ne cin zali ke samun gindin zama: a kira ta baƙauya, a kwaikwayi bakinta, a ƙwace ƴan dalolin karin kumallonta.

Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga ƴan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya cikin wata, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa kai rabi. Abin da ya bambanta wuri da wuri shi ne abin da shugaban makaranta ke yi idan ƙara ta iso tebirinsa.

A kolejojin wannan yanki, ƙara takan fara isa wurin surbeyan, mai kula da ladabi. Idan ta yi girma ta kai ga darakta, idan ta fi haka a kira majalisar ladabtarwa. Makaman da ke hannunsu sanannu ne. Akwai bulala da durƙuso a rana, duk da cewa ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a takardar umarni. Akwai korar kwanaki. Sai kuma wanda ya fi kowanne yawa, wato a kira iyaye a yi sulhu, a ce yara ne, a yi haƙuri, Allah ya kiyaye gaba.

Sulhu ba abin rainawa ba ne. Daraktan da ke riƙe da ajujuwa cike maƙil, wasu na zana, da malamai ƴan kwantaragi waɗanda albashinsu kan makara, ba shi da ma'aikacin jin daɗin ɗalibai ko masanin halayyar yara da zai miƙa wa magana. Yana kuma zaune cikin garin da uban mai laifin zai iya zama babban ɗan kasuwa, ko na kusa da fadar sarki, ko ma memba a kwamitin makarantar. Ga kuma ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda tarihinta ya koma 1960, da kowane darakta ya san hukunci ɗaya da ta ga bai yi mata ba zai iya fitar da ɗalibai daga aji. Don haka yakan zaɓi hanyar da ƙura za ta kwanta da wuri.

Matsalar ita ce sulhu na buƙatar ɓangarori biyu masu nauyi kusan ɗaya, kuma a nan babu su. Uban yaron birni zai zo da kansa. Uban yarinyar yana ƙauye mai nisan tafiyar amalanke, sai mai masauki ya tsaya mata, shi kuwa ba zai ɓata da maƙwabcinsa a kan ƴar wani ba. A tashi taro an gaisa, babu abin da aka rubuta, yarinya ta koma benci ɗaya da wanda ya zalunce ta.

Salula ta ƙara dagula lissafin. A da, idan aka tashi daga lakwal, an rabu ke nan sai gobe. Yanzu zagin na bin ɗaliba har tabarmar kwananta. A yankin da manya da yawa ba sa karatun boko, saƙon murya na WhatsApp ya zama jaridar kowa, kuma muryar da aka naɗa a asirce, ko hoton da aka ɗauka a gidan biki aka liƙa masa ƙarya, kan fita daga guruf na ƴan aji ya shiga na ƴan fada masu shan shayi, daga nan ya kai wayar wani kawu da ke ci-rani a Kano ko Agadas. Kafin darakta ya ji labari, ƙauyen yarinyar ya riga ya ji.

Abin da ke biyo baya ya fi zagin kansa muni. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa, inda Tasawa da Mayahi suke, adadin ya kusa kai kashi 90. Uban da tun farko ya saki ƴarsa da zuciya biyu, da zarar an taɓa sunanta a waya, ba ya zuwa ofishin darakta neman hakki. Aiko wa yake a kawo ta gida, a sa rana. A rajistar makaranta za a rubuta cewa ta bar karatu, kuma babu wanda zai haɗa wannan da saƙon murya na makonni biyu da suka wuce.

Martanin da aka saba gani shi ne ƙwace wayoyi a bakin ƙofa. Yana rage hayaniya a aji, amma yawancin ɓarnar da dare ake yin ta, wani lokaci ma da wayar yaya ko ta uwa. Wasu daraktoci kuma kan ce abin da ya faru a wajen shingen makaranta ba huruminsu ba ne, a kai wa jandarma. Doka kam akwai: dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 ta haramta ɓata suna da zagi ta waya. An cire hukuncin ɗauri kan waɗannan laifuffuka a 2022, sannan gwamnatin Janar Tiani ta maido da shi a Yunin 2024. Sai dai jama'a sun san dokar ne ta hanyar shari'o'in ƴan jarida, kamar kama Samira Sabou a 2020, kuma ba a rubuta ta don yaro ɗan shekara 14 ba. Iyayen yarinya ma ba sa son zuwa gaban alƙali, don can asirin da suke son rufewa zai ƙara tonuwa.

Abin mamaki, kayan aikin da suka fi dacewa suna nan cikin makarantun, an dai bar su da wani aiki. Kwamitin makaranta na COGES, wanda aka fara ƙarfafa shi a jihar Tawa a 2004 da tallafin Japan kafin ya bazu ƙasa baki ɗaya, yakan ƙare a tattara kuɗin zana da gyaran benci. Ƙungiyar iyaye mata ta AME ita ce kaɗai za ta iya shiga cikin gidan mai masauki, ta zauna da yarinya a ɗaki, ta ji abin da ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba. Ita ce kuma za ta iya tafiya ƙauye ta riga jita-jita isa kunnen uba. Dokar shugaban ƙasa ta Disamban 2017 kan kare ƴa mace mai karatu ta ba darakta madogara, tunda ta ɗora wa hukuma nauyin riƙe yarinya a makaranta har shekara 16.

Norwe ta fara yaƙin ƙasa da cin zali a 1983 bayan mutuwar wasu yara uku, kuma tsarin masani Dan Olweus da ya fito daga nan ya fara ne da abu mai arha: tambayar ɗalibai a takarda, ba tare da suna ba, ina ake zaluntarsu kuma wa ke yi. Koleji a Urafan ko Isawan na iya yin haka da takardar kaye da akwatin kwali. Darakta na iya buɗe littafin da za a rubuta kowace ƙara da matakin da aka ɗauka, ya sa lambar wayar uban yarinya kusa da ta mai masauki, ya kuma hana rufe magana sai wata uwa daga AME ta tabbatar bayan wata guda cewa yarinyar na zuwa aji. Sufetocin ilimi na Tasawa da Mayahi, idan sun zo rangadi, sai su nemi wannan littafin tare da rajistar waɗanda suka bar karatu, su gwada sunayen.