Tarihin Amya a Ƙasar Gwandu da Binciken Yaɗuwar Ƙudan Zuma

Gabatarwa

A wannan maƙala muna so mu nuna cewa sana'ar ɗaura amya a ƙasar Gwandu, musamman wajen Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, ta dogara ne tun asali a kan yadda ƙudan zuma ke hayayyafa, tun kafin masana su bayyana sirrin wannan al'amari a rubuce.

Amya ta Gargajiya

Manomi yakan saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara cikinta, sa'an nan ya ɗora ta a kan ɗorawa ko tsamiya ko kuka. Ba ya sayen ƙuda, jira yake yi su zo da kansu. Dalili kuwa shi ne, idan gida ya cika, tsohuwar sarauniya takan tashi da wani ɓangare na ma'aikata su nemi sabon mazauni, a bar sabuwa a tsohon gida. Watau da rabuwa ne gida ɗaya ke zama biyu, kuma wannan ayari ne amya ke tarba.

Abin da Masana Suka Gano

Tsawon ƙarnoni Turawa sun ɗauka sarki ne ke shugabancin gidan zuma, har Charles Butler na Ingila ya rubuta a 1609 cewa mace ce. A 1792 François Huber na Siwizalan ya nuna cewa barbararta a sarari take faruwa, wajen gida. A 1845 Johann Dzierzon ya bayyana cewa maza suna fitowa ne daga ƙwan da ba a barbara ba. An kuma tabbatar cewa daga ƙwai zuwa fitowa sarauniya na ɗaukar kwana 16, ma'aikaciya 21, namiji 24.

Amma fa waɗannan alƙaluma na ƙudan Turai ne. Na Afirka sun fi saurin girma, sun fi yawan rabuwa, kuma sukan ƙaurace wa gida baki ɗaya idan fure ko ruwa ya yanke. Duniya ta ga ƙarfin wannan hali bayan Warwick Kerr ya kai ƙudan Afirka Birazil a 1956: sun kuɓuce a 1957, jikokinsu kuwa suka isa Amurka a 1990.

Kammalawa

Wannan hali ne ya raya amya a ƙasar Gwandu, domin ko an ɗebi zuma da dare da wutar kara, aka ƙone tsutsotsi, wani ayari yakan sake shiga. Sai dai ayarin ba ya zuwa sai da itatuwa masu fure. Sare ɗorawa da gawo don itacen girki, tare da feshin maganin ƙwari a fadamun shinkafa, suna rage tushen da ake ɗiba. Saboda haka muna kira ga malaman Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, su zauna da tsofaffin masu amya na Kalgo da Gwandu, su rubuta lokutan shigar ƙuda da ficewarsu wata-wata, tun masu wannan sani suna raye.