Shimfiɗa Sabuwar Manhajar Gudanarwa a Manyan Makarantu: Nazari daga Unguwar Shanu, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake tsarawa da aiwatar da sabuwar manhajar gudanarwa a manyan makarantu, ta hanyar bitar tsare-tsaren gwamnati daga 2007 zuwa 2024 da yadda suka shafi ɗaliban Unguwar Shanu da kewaye. Maƙalar na da ra'ayin cewa nasarar manhaja ko faɗuwarta tana farawa tun kafin a saye ta, wato wajen fahimtar aikin makaranta, da tace bayanai, da sanin wanda zai zauna gaban kwamfuta a zahiri.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Shanu mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kuma 'ya'yanta ba sa tafiya mai nisa kafin su iske babbar makaranta. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Balewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da babban matsuguni a Tudun Wada da reshe a Unguwar Rimi. Hukumar NBTE mai sa ido kan ilimin fasaha a faɗin ƙasa ita ma hedikwatarta na cikin garin. A yau babu ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu da za ta ɗauki ɗalibi, ta karɓi kuɗinsa, ta fitar da sakamakonsa ba tare da manhaja ba.

Abin da masu tsarawa kan manta shi ne, fotal ɗin makaranta ba shi kaɗai yake aiki ba. Tun 2017 ɗaukar ɗalibai ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake bi. Tun 2015, da aka tabbatar da asusun bai-ɗaya na TSA, kuɗin makarantun tarayya ta Remita yake shiga. Daga 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajistar jarrabawar JAMB. Duk manhajar da ba ta iya musayar bayani da waɗannan tsare-tsare ba, ƙarin aiki kawai za ta jawo wa ofishin magatakarda da na ma'aji.

2.0 Darasin IPPIS

Gwamnatin tarayya ta fara amfani da IPPIS a 2007 domin biyan albashi daga wuri guda da kawar da ma'aikatan bogi. Manufar ba ta da aibi. Matsala ta taso ne a 2019 da 2020, lokacin da aka matsa wa jami'o'i da kwalejoji su shiga. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce an gina tsarin ne a kan ma'aikacin ma'aikatar gwamnati mai tebur ɗaya da albashi ɗaya, alhali malamin jami'a yana tafiya hutun bincike na shekara guda a wata jami'a, yana koyarwar wucin gadi, yana da alawus na duba kundayen ɗalibai, farfesa kuma sai ya kai shekara 70 yake ritaya. Ƙungiyar ta fito da tata manhajar mai suna UTAS, kuma wannan taƙaddama na cikin dalilan yajin aikin 2020 da na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A Disamban 2023 majalisar zartarwa ta ƙasa ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS.

Wannan abin takaici ne matuƙa, domin ɗalibai ne suka biya da shekarunsu. Ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya a rikicin, abu guda ya fito fili: an kawo manhajar kafin a zauna a rubuta yadda aikin makaranta yake gudana. Kwalejin da za ta sayi manhajar rajista ko ta jarrabawa tana iya faɗawa wannan rami a cikin gidanta, idan kwamitin saye bai ƙunshi jami'in jarrabawa na sashe da akawun da ke riƙe da fayil ba. Su ne suka san yadda ake lissafin ɗalibin da ya maimaita kwas, ko ya jingine karatu saboda haihuwa ko rashin lafiya, ko ya sauya sashe a tsakiyar hanya.

3.0 Bayanai da mai shigar da su

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan mahaifi. Akawu mai fayil yana duban hoto ya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Idan aka kwashe tsofaffin bayanai aka zuba su a sabuwar manhaja ba tare da tacewa ba, kuskuren ba zai bayyana nan da nan ba, sai ranar da ɗalibi ya nemi takardar sakamako ko aka zo tura sunaye hukumar NYSC. A 2024, da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya buɗe shafinsa, sai da aka ɗage wa makarantun jihohi lokacin nema saboda da yawansu ba su miƙa bayanan ɗalibansu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma tambayar wa ke shigar da bayanan. Masu ƙera manhaja suna ɗauka ɗalibi ne da kansa, da kwamfutarsa da imel ɗinsa. A unguwanni irin su Unguwar Shanu da Abakpa, sau da yawa mai kafe ne. Ɗaliba za ta zo da takardunta a leda, ta zauna a benci, mai shago ya buɗe mata imel, ya zaɓa mata kalmar sirri, ya ciro mata lambar biyan kuɗi ta RRR, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a gurbin tata. Bayan shekara biyu, in ta so sauya kalmar sirri, saƙon tabbatarwa wayar wani zai tafi, mai yiwuwa ma shagon ya tashi. Bai kamata a ɗora wa masu kafe laifi ba. Giɓi suka cike, kuma ba don su ba da yawa ba za su yi rajista ba. Abin da ya dace shi ne tsarin ya san da zamansu: fotal ya yi aiki a ƙaramar waya da ƙaramin data, ya bai wa ɗalibi damar gyara lambarsa a gaban jami'i, sannan makaranta ta tanadi ɗakin rajista na kyauta a makonnin farko na zango.

4.0 Kwangila da ranar sauyi

Wuta da intanet sanannun matsaloli ne, kuma sola da layi na biyu suna rage su. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yarjejeniya da ɗan kwangila. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan, wato makaranta. Don haka dole kwangila ta faɗi ƙarara cewa bayanan na makaranta ne, a ina ake ajiye su, kuma ta wace siga za a miƙo su idan aka rabu da kamfani. Makarantar da ta bar sakamakon ɗalibanta na shekaru a hannun kamfani kaɗai, ba ta da bakin ciniki ranar sabunta kwangila.

Ranar sauyi ma tana buƙatar lissafi. Ya fi aminci a fara da sashe ɗaya ko da sababbin ɗalibai kawai, a bar tsohon tsari yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sabo har zango guda ya cika, a kwatanta sakamakon da kowanne ya fitar, jami'an jarrabawa su sa hannu, sannan a rufe tsohon.