Ragar Jijiyoyin da Ke Riƙe Mu a Farke

Tun da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, noman rani ya zauna da gindinsa daga Talata Mafara har Bakura, ruwan da ke kwantawa a magudanai kuma ya yi wa sauro gida. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya haura masa ka, ya san tashin hankalin a kira sunansa, a girgiza shi, bai motsa ba. Abin da ke riƙe mutum a farke yana can gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda take haɗuwa da laka, kuma an daɗe kafin a gane aikinsa.

Masanan ƙarni na 19, irin su Otto Deiters na Jamus, sun hango shi a madubin likita, jijiyoyi sun sarƙe kamar ragar masunta. Suka siffanta shi, suka wuce. A lokacin ana ɗauka barci shi ne ƙwaƙwalwa ta rasa abin ji da gani, sai ta yi shiru.

Annoba ce ta fara girgiza wannan zato. A 1917 Constantin von Economo ya bayyana wata cuta a Viyana mai sa mutane barcin makonni, ya kuma tarar ɓarnar tana saman gindin ƙwaƙwalwarsu. Duk da haka, da Frédéric Bremer na Beljiyam ya yanke wannan gindi a jikin kyanwa a 1935 ta shiga barci marar yankewa, sai ya ce hanyoyin ji ya datse. Tsohon zato yana da wuyar mutuwa.

A 1949 komai ya juya. A Shikago, Giuseppe Moruzzi da Horace Magoun suka tura 'yar wutar lantarki cikin ragar nan a jikin kyanwa, nan take na'ura ta nuna ƙwaƙwalwar ta koma yanayin farke. Da aka lalata ragar aka bar hanyoyin ji lafiya lau, dabbar ta faɗa doguwar suma. Ashe farkawa aiki ne da ake yi ba dare ba rana! Daga baya aka gano ragar rukuni-rukuni ce, wasu na kula da numfashi da bugun zuciya, wasu da ƙarfin tsoka.

Daga nan ilimin ya iso gadon asibiti. Ma'aunin suma na Gilasgo ya fito a 1974, na Bilantaya a Malawi, wanda aka tsara domin ƙananan yara, a 1989. A 2015 hoton ƙwaƙwalwa a Malawin ya nuna cewa a yaran da zazzaɓin cizon sauro ya haura musu ka, kumburi ne ke danne gindin nan har numfashi ya tsaya. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke matse farcen yaro, tana duban idonsa, tana ƙirga numfashinsa kafin ta ce wa uwa komai.