Daga Ƙoshiya Zuwa Kwarashi: Waiwaye A Kan Saƙar Mayafi A Ƙasar Abuja

Kafin a san birnin tarayya, akwai Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a shekarar 1828, bayan jihadi ya raba yayansa, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, da Zariya. Ita ce ake kira Suleja a yau, tun da aka ari sunanta aka bai wa sabon birnin da Janar Murtala Muhammad ya zartar da dokar kafa shi a 1976. Cikin sana'o'in da wannan ƙasa ta yi suna a kansu akwai saƙa da rini da saƙar tabarma.

A wancan zamani mayafi ɗaya kan ratsa hannuwa da yawa kafin ya rufe mai jin sanyi. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa da mazari, a fitar da zare da abawa. Marina su tura da baba. Daga nan sai masaƙa. A ƙasar Hausa maza ke saƙa luru, siriri-siriri da ƙoshiya, su dasa masa zane-zane, sannan a haɗa a ɗinke. Mata kuwa a tsakar gida suke kafa masaƙarsu mai faɗi su fitar da gwado. Abin lura a nan shi ne, kuɗin mayafin nan ba ya fita ƙasar, tun daga gona har kasuwa.

Kwarashi baƙo ne. A Turai ya bunƙasa cikin ƙarni na 19, har matan Ailan suka riƙe shi hanyar abinci lokacin yunwar 1845. 'Yan mishan da makarantun 'yan mata su suka kawo mana shi. Karɓuwarsa ba abin mamaki ba ce: allura ɗaya mai ƙugiya da dunƙulen ulu sun wadatar, ba masaƙa, ba marina, kuma matar kulle tana iya yi tana hira. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, yadin inji ya ƙara karya kasuwar gwado. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka soma a 1987, shi ma ya ba koyon sana'ar hannu ƙarfi.

Sai dai a ganina an yi wa saƙa rashin adalci. Ginin tukwane ya samu cibiyar koyarwa a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ga hotonta nan a bayan naira ashirin. Masaƙan ƙasar kuwa ba su samu irin wannan gata ba. Bargon jaririn da ake sayarwa a kasuwar Wuse, mai furanni da taurari, hannun 'yar ƙasa ne ya saƙa shi, amma zarensa na kanti ne, bai san gonar auduga ba, balle mazari.