Kogin Kwara da Hasashen da ya Rushe a Hanyar Katagum

Masana falsafar kimiyya sun bambanta abin da ido ya gani da abin da hankali ya ɗora a kansa, wato hasashe. Idan muna neman misalin wannan bambanci, tarihin ƙasar Katagum ya ishe mu.

A shekarar 1796 Mungo Park ya isa Segu, a ƙasar Mali ta yau, ya ga Kogin Kwara yana gangarawa gabas. Iyakar abin da ya gani ke nan. Amma masanan Turai suka ɗora gini a kai: wasu suka ce kogin yana ƙarewa a wani tafki a tsakiyar Afirka, wasu kuma, irin su John Barrow na hukumar jiragen ruwan Ingila, suka ce da Nilu yake haɗuwa. Da ayarin Denham da Clapperton da Likita Oudney ya zo Barno a 1823, sai ga Kogin Yobe yana zuba cikin Tafkin Cadi daga yamma. Sai zato ya ƙara ƙarfi: ko dai Kwara ɗin ne?

A nan ƙasarmu ta shigo. Oudney ya rasu a Murmur, dab da Katagum, a Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, tun ba a mayar da fadar masarautar Azare ba. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai. Ruwan da ke ratsa wannan yanki zuwa Yobe daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake tasowa, kuma da ya wuce Kano ya nufi Sakkwato sai ya tarar koguna sun juya yamma. Kogi kuwa ba ya hawan tudu. Saboda haka Yobe ba Kwara ba ne.

Wannan shi ne abin da Karl Popper ya tsara a 1934: shaidu dubu ba sa tabbatar da hasashe, amma sahihiyar shaida ɗaya tana iya rushe shi. Sai dai a ganinmu Popper ya kyautata wa masana zato, domin Barrow bai saki ra'ayinsa na Nilu da sauƙi ba. Rushe zaton Yobe kuma bai nuna inda Kwara ya nufa ba. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwalekwale daga Busa, suka bi ruwan har ya kai su teku ta kudu.