Gidan da Rashin Wadata Ya Tsare

A cikin wani kwari na gundumar Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, ba nisa da garin Sevenoaks, akwai wani gida da ruwa ya kewaye ta kowace fuska. A rubuce sunansa Ightham Mote, a baki kuwa Aitam Mot ake cewa. Gidan ubangidan gandu ne, irin wanda a zamanin da manoman karkara ke kai wa haya da ƙara. An ɗora harsashinsa wajen shekarar 1340, kuma har yau mai ziyara sai ya ƙetare gada kafin ya kai ga ƙofa, domin gwalalon da aka haƙa masa yana nan da ruwansa.

Wanda ya shiga tsakar gidan zai ga ƙarnuka sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Ƙasan bango na dutse ne, samansa a wurare da dama katako ne da aka gicciya aka cike tsakaninsa da yaɓe. Babban zauren, inda maigida da barorinsa ke cin abinci tare, yana nan tun ƙarni na 14. Hasumiyar ƙofa ta zo daga baya. A shekarar 1521 Sir Richard Clement, bafaden gidan sarautar Tudor, ya sayi gidan, kuma a rufin ɗakin da aka mayar wurin ibada akwai zanen furen wardi, tambarin gidan Sarki Henry na Takwas, gefe da gefe da rumman, tambarin matarsa Catherine ta Aragon. Ba a daɗe ba sarkin ya rabu da ita. Fadanci ne da ya tsufa tun fenti bai gama shan iska ba, amma ba wanda ya hau ya goge shi, sai ya zama shaidar tarihi.

A nan ne asirin gidan yake. Manyan attajiran Ingila na ƙarni na 17 da na 18 sun riƙa rushe gidajen kakanninsu suna gina sababbi bisa yayin zamani. Zuriyar Selby, wadda ta riƙe Ightham Mote daga 1591 har zuwa 1889, ba ta yi haka ba. Suna da abin rufin asiri, ba su da dukiyar da za ta sa su raina tsohon bango. Wannan ya faɗaɗa taga, wancan ya gyara murhu, wani ya manna wa falo takardar ado ta ƙasar Sin. Kowa ya ƙara, ba wanda ya kawar da abin da ya tarar. A ganina, da sun fi haka arziki, da yau ba mu da abin da za mu rubuta a kai.

Hatsarin gaske ya zo ne a ƙarni na 20. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harajin gado ya yi tsanani, masu aikin gida sun koma birane, gidajen karkara kuwa aka shiga rushe su ɗaya bayan ɗaya. Dokokin tsara birni da karkara na 1944 da 1947 sun kawo tsarin rajistar gine-ginen tarihi, amma a lokacin rajistar ba ta da haƙora sosai. Sai a 1968 aka wajabta neman izini na musamman kafin a rushe ko a sauya ginin da ke cikinta. A tsakanin nan, a 1951, jikan Sir Thomas Colyer-Fergusson, wanda kakansa ya sayi gidan a 1889 ya kashe kuɗi wajen gyara shi, ya ga ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Aka yi gwanjon kayan ciki. Har aka yi zancen rushe ginin don a sayar da darmar da ke rufinsa. Mutum uku daga cikin mazauna yankin ne suka haɗa kuɗi suka saye shi, don kawai su riƙe shi kafin a samu mai so.

Mai son ya fito daga inda ba a zata ba. Charles Henry Robinson, ɗan kasuwa daga birnin Portland na jihar Maine a Amurka, ya taɓa ganin gidan yana saurayi, kuma bai manta da shi ba. Ya saye shi a 1953. Da ya rasu a 1985, wasiyyarsa ta miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a 1895, wadda dokar 1907 ta ba ta ikon ayyana kadara a matsayin wadda ba a sayarwa har abada.

Kyautar ta zo da ɗawainiya. Gidan da ya shekara fiye da 600 ƙafarsa na cikin ruwa, danshi da ƙwari sun ci katakonsa ta ciki. Daga 1989 zuwa 2004 aka yi ta kwance shi sashe bayan sashe, ana sa wa dutse da katako lamba, ana rubuta wurin kowanne, ana gyarawa, ana mayar da shi mazauninsa. Aikin ya ci kimanin fam miliyan 10.

Tambayar da ta fi kuɗin wuya ita ce: zuwa wace shekara za a mayar da gidan? Abu ne mai jan rai a cire ƙarin da 'yan baya suka yi, a fito da gidan 1340 tsaf. Tun 1877 William Morris da ƙungiyarsa ta kare tsofaffin gine-gine suka yi yaƙi da wannan ra'ayi, suna ganin mai irin wannan gyara tarihin ƙarya yake ginawa. Masu aikin Ightham Mote sun bi sahunsu, suka tsayar da 1985 a matsayin ma'auni, wato yadda Robinson ya bar shi. Saboda haka ɗakunan da Ba'amurken ya ƙawata da ɗanɗanonsa suka samu kariya daidai da zauren ƙarni na 14.

Akwai abin da za a ce a kan wannan zaɓi. Gidan da ya rayu ta hanyar sauyawa, yanzu an hana shi sauyawa. Ba mai sake faɗaɗa taga don yana son haske. Duk da haka na fi yarda da shi bisa akasinsa, domin bai fifita wani mazauni a kan wani ba. Ko ɗakin kare da aka gina a tsakar gidan a 1890, saboda wata ƙatuwar karya mai suna Dido, yana cikin rajista a mataki na ɗaya, matakin da manyan majami'u da fadojin Ingila suke.